Yadda Mayen Ƙarfe Ke Tona Asirin Tsaga a Jikin Ƙarfe

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, don in amsa tambayar da wani ɗan'uwa ya aiko. Ya ce shi dai abin da ke ba shi mamaki, ga ƙarfe lafiya lau, yana sheƙi, ba tsatsa ba lanƙwasa, rana ɗaya sai a ji ya karye kamar kara, ya hallaka jama'a. Shin babu wata hanya da za a san ƙarfe zai karye tun bai karye ba?

Akwai kuwa, ɗan'uwa, har hanyoyi da dama. Yau zan ɗauki guda ɗaya daga ciki, wadda ta fi sauƙin ganewa, ta kuma fi arha, watau binciken ƙarfe da maganaɗisu da garin ƙarfe. Maganaɗisu shi ne abin da yara ke kira mayen ƙarfe. Amma kafin mu kai ga magani, ya kamata mu san cutar tukuna.

Ku sani, jama'a, ƙarfe yana gajiya. Wannan magana ta injiniyoyi ce, ba tawa ba. Duk wanda ya taɓa son yanke waya alhali ba shi da almakashi ya san dabarar: ka lanƙwasa ta nan, ka mayar can, ka yi ta yi, can sai ta tsinke da kanta. Lanƙwasa ɗaya ba ta yi mata kome ba, yawan maimaitawa shi ya ci ta. To, haka abin ya ke ga sandar nan ta ƙarfe da ke haɗa ƙafafun jirgin ƙasa biyu, wadda ma'aikata ke kira aksil. Nauyin tarago yana danne ta, tana kuwa juyawa, saboda haka ko wane juyi sai gefenta ya miƙe ya kuma takura, ɗan kaɗan ƙwarai, yadda ido ba ya gani. Ƙafar tarago tana juyawa sama da sau 300 cikin kilomita guda. Daga Kano zuwa Ikko ya haura kilomita 1,000, ka ga tafiya ɗaya tak ta zama juyi sama da 300,000 ke nan. Yau da gobe, in ji masu magana, ita ta sa allura ginin rijiya.

Gajiyar nan ba ta farawa haka kawai a ko'ina. Galibi daga fatar ƙarfen ta kan soma, inda ya sami ɗan ƙwarzane, ko ramin tsatsa, ko kusurwa mai kaifi da aka bari wajen ƙira, ko bakin walda. Nan ne 'yar tsaga za ta tsiro, siririya, ta fi gashi sirantaka. Sai ta riƙa cin ciki a hankali, wata da watanni, wani lokaci shekaru, ƙarfen kuwa yana ta aikinsa ba wanda ya sani. Ran da abin da ya rage da lafiya ya kasa ɗaukar nauyi, sai ya ɓalle gaba ɗaya. Mutane su ce ya karye farat ɗaya, alhali kuwa ya daɗe yana karyewa.

Turawa da jini suka sayi wannan ilmi. Ran 8 ga watan Mayu, 1842, wani jirgin ƙasa ya taso daga Versailles zuwa Paris a ƙasar Faransa, cike da mutanen da suka je kallon biki. Da ya iso Meudon sai aksil na kan jirgin da ke gaba ya karye, taragai suka hau juna, wuta ta kama. A zamanin nan a kan kulle ƙofofin taragai daga waje, don haka mutane suka rasa mafita, aƙalla mutum 55 suka mutu. Daga nan masana suka duƙufa kan binciken karyayyun aksil, har wani Bajamushe, August Wöhler, ya share shekaru yana juya sandunan ƙarfe a bisa na'ura yana ƙirga juyin da ko wace ke jurewa kafin ta karye. Ya bayyana sakamakon aikinsa a 1870. Kada kuma wani ya ce wannan labarin dā ne. Ran 3 ga watan Yuni, 1998, a Eschede ta ƙasar Jamus, da'irar ƙarfen ƙafar wani jirgi mai gudun kilomita 200 a sa'a ta tsage saboda gajiya, jirgin ya kauce ya daki gada, mutum 101 suka rasu. Ran 29 ga watan Yuni, 2009, a Viareggio ta ƙasar Italiya, aksil na wani tarago mai ɗauke da iskar gas ya karye da dare, gas ya malala cikin unguwa ya kama wuta, mutum 32 suka rasa rayukansu, da yawansu suna cikin gidajensu.

Mutanen dā ba su zauna haka ba, sun yi iyakar dabararsu. Ta fari ita ce ta kunne. Kamar yadda uwargida ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta biya, in ta ji ƙara garau ta saya, in ta ji ta dushe ta ajiye, haka ma'aikatan reluwe su ke bin ƙafafun jirgi da doguwar guduma suna saurare. Ta biyu ita ce ta mai da alli: a jiƙa ƙarfen da mai, a goge, a shafa masa farin alli, sa'an nan a buga shi, man da ya ɓuya cikin tsaga sai ya tsattsafo ya ɓata allin. Duka biyu sun yi amfani, amma sai tsaga ta girma su ke kama ta. Ƙaramar nan da ke tsirowa ta kan wuce su.

Tun a 1868 wani Baturen Ingila mai suna Saxby ya gwada bin bakin bindigar igwa da allurar kamfas, wadda ke nuna arewa, yana duba inda za ta karkata. Amma asalin hanyar da a ke bi yau daga Amurka ta fito, kuma lura ce ta kawo ta. A farkon shekarun 1920 wani mutum, William Hoke, yana aikin ƙera ƙananan ƙarafan awo, waɗanda a ke riƙe su da maganaɗisu lokacin da a ke wasa su. Sai ya lura ƙurar ƙarfen da dutsen washi ke zubarwa tana taruwa layi layi a jikin waɗansunsu. Da ya duba da kyau, sai ya ga ashe ko wane layi a bisa tsaga ya ke kwance. Mutum nawa ne suka ga wannan ƙura kafin shi, suka hure ta suka ci gaba da aiki? Daga baya Alfred de Forest da Foster Doane suka ɗauki abin suka gyara shi, suka kafa kamfani a 1929, wanda ya koma suna Magnaflux a 1934. Kamfanonin reluwe suka karɓa, sa'an nan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masu ƙera injin jiragen sama suka riƙe shi hannu biyu biyu.

To, mene ne asirin? Ga shi, ba wuya. Ko wane maganaɗisu yana da kai biyu, na arewa da na kudu, a nan kuma ƙarfinsa ya fi bayyana. In ka karya shi biyu, ba za ka sami rabin arewa da rabin kudu ba, sai ko wane gutsure ya zama cikakken maganaɗisu mai kai biyu. Tsaga kuwa karaya ce da ba ta ƙarasa ba. Saboda haka in aka sa wa ƙarfe ƙarfin maganaɗisu, leɓunan tsagar nan biyu sai su zama 'yan ƙananan kawuna, ɗaya arewa ɗaya kudu. Ƙarfin maganaɗisu ya fi son tafiya cikin ƙarfe bisa ga cikin iska, kamar yadda ruwa ya fi son kwari. Muddin ƙarfen lafiyayye ne, ƙarfin yana bi ta ciki shiru. Da ya iske tsaga, sai wani sashinsa ya tsallako waje, ya haye ta, ya koma ciki. In an barbaɗa garin ƙarfe mai laushi a wurin, sai wannan ƙarfi da ya tsallako ya jawo shi, ya jera shi a bisa tsagar kamar jerin tururuwa. Layin garin ya fi tsagar kanta faɗi nesa ba kusa ba, shi ya sa abin da ido bai iya gani ɗazu, yanzu ya fito fili. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan garin ƙarfe shi ne ƙadangaren, duk inda ka gan shi ya maƙale, bango ya tsage.

Wanda ke son gani da idonsa, ya sami maganaɗisu daga tsohuwar lasifikar rediyo, ya ɗora takarda a bisansa, ya roƙi ɗan garin ƙarfe wurin mai walda ya barbaɗa. Zai ga garin ya shirya kansa layi layi daga wannan kai zuwa wancan. Malaman makaranta, ga darasi na kyauta.

Yanzu ga yadda a ke aikin. Da fari sai a wanke ƙarfen tas, a kawar da maiƙo da tsatsa da fenti mai kauri, gama su kan rufe bakin tsaga. Sa'an nan a sa masa ƙarfin maganaɗisu. Galibin hanyoyin yin haka sun dogara ga abin da wani masani na ƙasar Danmak, Oersted, ya gano a 1820, cewa duk inda lantarki ya bi, ƙarfin maganaɗisu na kewaye da shi. Akwai wata na'ura ta hannu mai ƙafa biyu, siffarta kamar takalmin doki, wadda a ke dafa wa jikin ƙarfe a danna maɓalli, ƙarfin ya ratsa tsakanin ƙafafun. Ita a ke ɗauka zuwa wurin walda ko gada ko tanki. Akwai kuma babban teburi a ma'aikata, inda a ke maƙale ƙarfen ta kai biyu a tura lantarki mai yawa ta cikinsa, ko a zura shi cikin naɗin waya. In zobe ne ko bututu, sai a zura masa sandar jan ƙarfe ta tsakiya, a tura lantarkin ta cikin sandar.

Ana cikin haka sai a zuba garin. Wani busasshe ne, a kan hura shi a hankali kamar hayaƙi. Wani kuma a kan dama shi cikin ruwa ko wani mai mai kama da kananzir, a kwarara. Wannan ya fi laushi, ya fi kama tsaga ƙanana. Don layin ya fito sosai, a kan fesa wa ƙarfen farin fenti siriri tukuna, sa'an nan a zuba baƙin gari. Wanda ya fi duka kaifi shi ne garin da aka rina da wani sinadari mai ƙyalli. Shi a ɗaki mai duhu a ke duba shi, ƙarƙashin wata fitila ta musamman mai hasken ultrabayolet, sai ka ga tsagar ta haskaka kore shar kamar makesu cikin dare.

Akwai wata ƙa'ida a nan wadda in an bar ta, aikin duka ya zama banza. Ku dubi magudanar ruwa a lambu. In kara ya kwanta bisa tsawonta, ruwa zai wuce ta gefensa ba wata alama. In ya gitta ta kuwa, sai ruwa ya taru ya yi tozo. Haka tsaga ta ke. In ta gitta hanyar ƙarfin maganaɗisu, ta bayyana. In ta kwanta bisa hanyarsa, ta ɓuya sarai. Don haka tilas a gwada ko wane wuri sau biyu, a juya na'urar a gicciye a karo na biyu. Mai gaggawar da ya gwada sau ɗaya ya sa hannu, rabin aiki ya yi, ya karɓi ladan cikakke.

Ita na'urar ma a kan jarraba ta kafin a amince da ita. Bisa ƙa'idar da injiniyoyin Amurka suka ajiye, ta hannun nan mai aiki da lantarkin gida, wanda ke kai da komowa, sai ta iya ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 4 da rabi; mai aiki da lantarki irin na batir, wanda ke tafiya gaba ɗaya, sai ta ɗaga kilo 18. Na farkon ya fi kyau ga tsagar da ke bisa fata, gama ƙarfinsa a fatar ƙarfe ya ke taruwa. Na biyun ya fi nutsawa, ya kan nuna aibin da ke ƙarƙashin fata kaɗan.

In an gama, saura aiki ɗaya: a zare maganaɗisun da ya rage a jikin ƙarfen. A kan zura shi cikin naɗin waya mai lantarkin kai da komowa, a janye shi a hankali har ya yi nisa. In ba a yi haka ba, ƙarfen zai riƙa tara ƙurar ƙarfe yana kai ta inda inji ke gugar juna, ta cinye shi. A jirgin sama ko na ruwa kuma yana iya karkatar da kamfas. Mai walda ma zai ga wutarsa tana kaucewa.

Amma fa kada in yabi ɗan kuturu in manta da yatsunsa. Wannan hanya tana da iyaka. Ba ta aiki sai ga ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, watau baƙin ƙarfe da danginsa, da nikel, da kobalt. Alminiyam, da jan ƙarfe, da tagulla, da titaniyam, da yawancin ƙarfen nan marar tsatsa da a ke cokula da shi, duk ba ruwanta da su. Su sai a bi su da wani ruwa mai launi da ke kutsawa cikin tsaga, jikan dabarar nan ta mai da alli. Aibin da ke can tsakiyar ƙarfe kuma ya fi ƙarfinta, sai a nemo shi da na'urar amo ko da hoton eksire. Har wa yau, ba duk layin da ya fito ne tsaga ba. Gari ya kan taru a gindin zaren kusa, ko inda ƙarfe ya sauya kauri, ko inda aka haɗa ƙarfe iri biyu. Rarrabe na gaskiya da na ƙarya sai wanda ya koya. Shi ya sa ƙasashen duniya suka shirya wa masu wannan sana'a daraja hawa 3, ko wane hawa da jarrabawarsa, a kan kuma gwada idanunsu ko wace shekara.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Na'ura ba ta gani, mutum ke gani. Ran 19 ga watan Yuli, 1989, wani jirgin sama mai ɗauke da mutum 296 ya faɗi a Sioux City ta Amurka, sama da mutum 110 suka mutu, saboda wani faifan titaniyam na cikin injinsa ya tarwatse a sama. Masu bincike suka gano tsagar tana nan tun lokacin da aka duba faifan na ƙarshe da ruwan nan mai ƙyalli, ba a gan ta ba. In haka ta faru inda a ke da kayan aiki da doka mai tsanani, ina ga inda ba a duba ko kaɗan?

Ni akawu ne, aikina takarda, na kuwa san nauyin sa hannu. Takardar da ta ce an duba aksil mai lamba kaza ran kaza, an same shi lafiya, ita ce duk abin da ke tsakanin fasinja da kabari, gama fasinja ba shi da ikon leƙa ƙarƙashin tarago. Wanda ya cika irin wannan takarda yana zaune a inuwa bai taɓa ƙarfen ba, ya ci amanar mutanen da bai taɓa gani ba, Allah kuwa ya gan shi. Shugaban da ke tsawata wa mai bincike don ya ce a ajiye ƙarfe, shi ma yana da rabonsa na alhaki. Mai binciken da ya tsai da aiki yau, ya fi wanda zai zo ba da shaida gobe.

Maganar ta shafe mu, gama tun 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a 2016 kuma aka buɗe sabon layi tsakanin Abuja da Kaduna. Ban da jirgi, ga manyan motoci da tankokin mai da ke bin hanyoyinmu dare da rana, ko wace da aksil, da karanshaf, da ƙusar da ke riƙe tirela ga kanta. Ga ƙugiyar injin ɗaga kaya, mutane na kai da kawowa a ƙarƙashinta. Na sha ganin ƙarfe ya tsage, a kai wa mai walda ya ɗiga masa wuta a bisa, a shafa fenti, a ce ya warke. Tsagar tana nan a ƙarƙashi, tana ci gaba da cinta. Gyaran gaskiya shi ne a nemo iyakar tsagar, a wasa ta har ta ƙare, a sake gwadawa a tabbata ta fita, sa'an nan a yi walda, a kuma sake gwadawa. Waɗansu ƙarafan ma, kamar aksil na jirgi da ƙugiya, in sun tsage ba su da magani sai a yar.

Na san wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai a hannun Allah ya ke. Amma wanda ya ba mu rai shi ya ba mu hankali, shi ya kuma halicci mayen ƙarfe da wannan hali nasa. Mai wannan magana da kansa ba ya sayen tukunya sai ya ƙwanƙwasa.

Saboda haka ina da roƙo uku. Masu motoci, in an sauke inji ko an kwance ƙafa, ku tambaya ko akwai inda a ke irin wannan gwaji, ku kai. Kuɗinsa bai kai na karanshaf sabo ba, balle diyyar rai. Hukumomin makarantun sana'a, ku sa wannan cikin abin da a ke koya wa masu walda da makanikai, gama kayansa ba su fi ƙarfin makaranta ba. Ku kuma samari da ke yawo da takardun shaida kuna neman kujerar ofis, ga sana'a mai daraja, wadda a ke nema a reluwe, da filayen jirgin sama, da matatun mai, da duk inda a ke haɗa bututu. Abin da ta ke so shi ne ido mai kyau, da haƙuri, da gaskiya. Mu jikokin maƙera ne, bai kamata sanin halin ƙarfe ya zama baƙo a gare mu ba.

Ɗan'uwa mai tambaya, ina fata na biya ka. In Allah ya kai mu wani mako, zan yi bayanin yadda a ke jin aibin da ke can cikin ƙarfe ta hanyar amo. Allah ya kiyaye matafiya, ya sa masu duba ƙarfe su riƙe amana, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naku,
Akawu.